TSAKAR TSIBIRIN YUNIYON, MAI GIDA ƊAYA TAK A DUNIYA

Kowa ya san tsaka. Da magariba in an kunna fitila, sai a gan ta bisa bango ko bisa azara, tana fakon sauro da ƴan ƙwari. Mutane da yawa ba su son ganinta. Wasu suna cewa tana da dafi. Wasu suna cewa ita ke sa kuturta. Masana sun bincika, ba su samu tsaka mai dafi ba ko guda. Kuturta kuwa wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Abin da ke gaskiya shi ne kashin tsaka ƙazanta ne, kamar na kaza ko na ɓera. Don haka rufe abinci da ruwan sha wajibi ne.

Tsakar ɗaki tana da dangi da yawa. A duniya akwai irin tsaka fiye da 2,000. Akwai ta cikin rairayi, akwai ta bisa icce, akwai ta cikin duwatsu. Akwai babba wadda ta kai tsawon kamu guda. Akwai ƙarama wadda za ta iya kwanciya bisa farcen babban yatsa.

Cikin ƙananan akwai wata wadda ba a samun ta ko'ina sai a gefen tudu ɗaya, cikin tsibiri ɗaya, can tsakiyar teku. Sunan tsibirin Yuniyon. Duk duniya ba ta da wani gida sai wannan.

INA TSIBIRIN YAKE?

Tsibiri, ko gungu, ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Waɗanda sunka san kogin Kwara ko tabkin Cadi sun ga irinsa. Amma shi Yuniyon ruwan teku ne ya kewaye shi, ruwan gishiri wanda ba a sha.

In mutum ya shiga jirgin ruwa a Dakar, babban birnin Senegal, ya miƙe yamma sak, zai yi tafiyar da ta wuce kilometir 4,500 bai ga ƙasa sosai ba. Daga nan zai iske jerin tsibirai da ake kira Karayib, tsakanin Amurka ta Arewa da Amurka ta Kudu. Yuniyon yana cikinsu. Yana ƙarƙashin wata ƴar ƙasa mai suna Sen Binsent da Girenadin, wadda ta samu mulkin kai daga Ingila a shekarar 1979.

Tsibirin ƙarami ne ƙwarai. Tsawonsa wajen kilometir 5, faɗinsa bai kai haka ba. Mai ƙafa zai iya ratsa shi tsakanin hantsi da azahar. Mutanensa wajen 3,000 ne, kamar babban ƙauye guda. Garuruwansa biyu ne, Kilifton da Ashton. Yawancin mutanen baƙar fata ne, jikokin waɗanda anka kwasa daga Afirka zamanin cinikin bayi, anka sa su noman auduga. Yanzu sana'arsu kamun kifi, da aikin jirgin ruwa, da hidimar baƙi masu zuwa yawon buɗe ido.

In an duba taswirar duniya, anka ja layi daga Yuniyon zuwa gabas, layin zai ratsa ƙasar Nijar tsakanin Doso da Gaya. Ke nan ranar da ke dukan tsibirin mai zafi ce, irin wadda aka sani a nan. Suna da damana, suna da rani. Raninsu yakan kama daga wajen Janairu zuwa Mayu. Babu gulbi ko ɗaya a tsibirin. Ruwan sama suke tarawa daga rufin ɗaki zuwa cikin manyan tankuna, shi suke sha har wata damana. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta ƙarancin ruwa, don ita ce tushen labarin tsakar.

YAYA KAMANNINTA SUKE?

Mai karatu ya ɗauki tsinken ashana ya duba. Jikin wagga tsaka, daga bakin hanci zuwa gindin wutsiya, bai kai tsawon tsinken ba. Santimetir 3 ne, kuma wannan ita ce wadda ta gama girma. Ko an haɗa da wutsiyar, ba ta wuce ɗan ƙaramin yatsan babban mutum ba. Nauyinta bai kai giram 1 ba, wato kamar ƙwayar gujiya ɗaya da anka ɓare.

Kanta siriri ne, bakinta da tsini. Fatarta ba sumul take ba. Tana da ƴan ƙurajen ɓawo masu tsini, jere da juna, kamar an barbaɗa mata tsakin gero. In an yi la'akari da ƙanƙantar jikin, ɓawon nan manya ne, kuma yana cikin alamun da masana ke bambanta ta da danginta.

Amma abin da ya sa sunanta ya kewaye duniya shi ne adon bayanta. Tana da ɗigo-ɗigo masu kama da ido, jere biyu-biyu, dama da hagu, har kashi uku. Kowane ɗigo tsakiyarsa fari ne fat. Baƙin zobe ya kewaye farin. Jan zobe kuma ya kewaye baƙin. Sauran jikin yana da kore-kore da ruwan ƙasa, kan kuma yana da zane nasa. Wanda ya san aikin madunka hula ko na masu rinin fata zai ce wani gwani ne ya zauna ya tsara shi. Idonta na gaskiya ma ado ne, don kewayensa ja ne mai ruwan lemu, yana ƙyalli.

Dabbobi da yawa suna da irin wannan ɗigo mai kama da ido. Akwai shi bisa fiffiken malam-buɗe-littafi, akwai shi bisa wutsiyar ɗawisu. Masana suna ganin yakan ruɗa abokin gaba. Tsuntsu ya sauko zai cafke, sai ya ga kamar idanu da yawa suna kallonsa, ya yi jinkiri. Ɗan jinkirin nan ya ishi ƙaramar dabba ta faɗa rami.

Wani abin mamaki kuma, adon ba kullum yake fitowa ba. In an ɗaga dutse anka same ta cikin duhu, baƙi-baƙi take, kamar busasshen ganye. Sai ta ɗan jima cikin haske, launin ya riƙa bayyana sannu-sannu, ja da fari da kore. Ba ta kai hawainiya saurin rikiɗa ba, amma hanyar ɗaya ce: cikin fata akwai ƙwayoyin baƙin launi masu bazuwa su rufe sauran, ko su tattaru su bar su a fili.

Sai ƙafa. A nan ne ta rabu da tsakar ɗaki nesa ba kusa ba. Tsakar ɗaki tana tafiya bisa bango mai santsi, har ta bi rufi kanta a ƙasa ba ta faɗo ba. Mutane suna zaton danƙo gare ta. Babu danƙo. Ƙarƙashin yatsunta akwai wani faifai mai gashi sirara, dubbai bisa dubbai, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke kama bango. Ita tsakar Yuniyon ba ta da wannan faifai. Yatsunta sirara ne masu akaifa, kamar na ƙadangare. Da akaifar take kama dutse mai kaushi da ɓawon icce. In an sa ta cikin kwalba ko tasa mai santsi, ba ta iya hawowa.

Idon ma ya bambanta. Tsakar ɗaki ta dare ce. Baƙin idonta tsaga ne a tsaye, kamar na mage, yana buɗewa cikin duhu. Dangin tsakar Yuniyon yawancinsu na rana ne, baƙin idonsu kewayayye ne kamar na mutum. Amma akwai inda sunka yi tarayya. Dukansu ba su ƙifta ido. Wata fata ce mai haske kamar gilashi ta rufe idon. In ƙura ta hau, sai tsaka ta fito da harshe ta lashe. Haka kuma dukansu suna yar da wutsiya in an kama su. Wutsiyar ta tsinke tana motsi, mai kamun ya tsaya kallonta, mai wutsiya ta tsere. Daga baya wata ta tsiro.

Abincinta ƴan ƙananan ƙwari ne da ke yawo cikin ruɓaɓɓen ganye, waɗanda bakinta zai iya ɗauka. Wajen haihuwa kuwa, ita da danginta ƙwai ɗaya suke yi a lokaci guda. Ƙadangaruwa takan binne ƙwai da dama a rami ɗaya. Ita wagga ɗaya ne tak, ta ɓoye shi cikin tsaguwa. Jikin ne ƙarami, ba wurin ɗaukar biyu. Don haka in sun ragu, ba su saurin komawa yadda suke.

GIDANTA

A yammacin tsibirin akwai wani wuri inda teku ya shigo cikin ƙasa kamar baka. Ana kiran wurin Catam. Bayan rairayin bakin ruwa akwai tudu mai gangara sosai, wanda ya hau zuwa wajen dutsen Tabwa, mafi tsawo a tsibirin, mai kimanin metir 300. Gefen tudun nan daji ne, cike da manyan duwatsu da sunka gangaro sunka hau juna.

Nan ne gidan tsakar. Faɗin wurin wajen hekta 50 ne. Hekta ɗaya fili ne mai metir 100 a tsaye, metir 100 a kwance. Hekta 50 ke nan fili ne mai kamar metir 700 kowane gefe. Gonakin ƙaramin ƙauye guda sun fi shi girma. Mutum zai kewaye irin wannan fili da ƙafa cikin ƙasa da awa ɗaya, in ƙasar shimfiɗaɗɗa ce.

Dajin ba irin mai duhu ba ne wanda ruwa ke zuba cikinsa kullum. Busasshen daji ne. In rani ya yi, itatuwa da yawa suna zubar da ganye, kamar yadda aka sani a nan. Cikin itatuwan irin wannan daji a Karayib akwai wani mai jan ɓawo mai saɓulewa, mai ƙaro da ƙamshi. Dangin dashi da hano ne. Ganyen da ke zuba shekara da shekaru yana taruwa tsakanin duwatsu, yana ruɓewa, ya zama kamar katifa. Rassan da sunka karye suna kwance suna ruɓewa su ma.

Tsakar ba ta hawa can bisa itatuwa, ba ta fita fili. Ana samun ta cikin tsaguwar dutse, ko ƙarƙashin dutse, ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen gungume, ko cikin tarin ganyen da ya maƙale a gindin fa. Wuri ne mai inuwa, mai sanyi, mai ɗan laima ko da tsakiyar rani.

Me ya sa ta maƙale wa irin wannan wuri? Amsar tana wajen masu yin kilishi. In mahauci yana son nama ya bushe da wuri, ba ya shanya shi dunƙule. Yana yanka shi fale-fale, ya baza. Dalili shi ne ruwa ta fata yake fita. Abu in ƙarami ne ko siriri, fatarsa tana da yawa bisa ga abin da ke ciki, sai ruwansa ya ƙare da sauri. Dunƙulen nama zai kwana da laima a ciki. Yankan kilishi kuwa rana ɗaya ta ishe shi.

Haka abin yake ga dabba. Damo ko guza za su iya kwanciya a rana su daɗe, don jikinsu babba ne. Tsakar da ba ta kai giram 1 ba, ruwan jikinta duka ɗigo kaɗan ne. In ta tsaya cikin rana da iska, ba da jimawa ba za ta bushe ta mutu. Zafi ma haka yake shigarta da sauri. Saboda haka duk rayuwarta neman laima ce. Ba za ta iya ratsa gona ko hanyar mota ko filin da anka sare don ta nemi wani daji ba. Fili mai metir 100 wanda rana ke duka, a wurinta kamar Tenere ne ga mai tafiya ba salka.

Ba ita kaɗai ke cikin wannan hali ba. Tsibiran Karayib sun yi suna wajen ƙananan tsaka. A shekarar 2001 masana biyu, Blair Hedges da Richard Thomas, sun bayyana wata a tsibirin Beyata na ƙasar Dominikan, wadda jikinta bai kai santimetir 2 ba. Ita ma cikin ganyen da ya zuba take zaune.

To, laimar nan abu uku ke riƙe ta, kuma kowane yana dogara da ɗan'uwansa. Itatuwa suna tare rana daga sama. Ganyen da ya zuba yana rufe ƙasa, ya hana ruwa tashi. Duwatsu suna ajiye sanyi a ƙarƙashinsu. Duk manomin da ya taɓa ɗaga tarin kara ko tsohon turmi da rani ya ga ƙasar ƙarƙashi da danshi, ga ƙwari sun taru, ya san wannan. In an sare itatuwan, ganye ya daina zuba, rana ta sauka bisa duwatsu, wurin ya zama tanda.

Zamanin noman auduga an sare dajin tsibirin da yawa. Tudu mai gangara da manyan duwatsu ba ya daɗin noma, shi ya sa irin wannan wuri ya kan tsira. Dajin Catam yana cikin ƴan kaɗan da sunka rage da manyan itatuwansu a wannan yanki. Ba tsakar kaɗai ke ciki ba. Akwai kunkuru, da macizai marasa dafi, da wani babban gizo-gizo, da wani babban ƙadangare mai cin ganye wanda ake kira iguwana.

YADDA ANKA GANO TA, DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Har shekarar 2005 babu littafin masana da ya san da ita. Wani limamin coci mai sha'awar halittu, Mark de Silva, shi ya gan ta ya gane ba irin wadda aka saba gani ba ce. Masana biyu daga Amurka, Robert Powell da Robert Henderson, sunka auna ta, sunka rubuta bayaninta a wannan shekara. Sunka raɗa mata suna Gonatodes daudini. Kalmar farko sunan zuriyarta ne, wadda yawancinta ke Amurka ta Kudu. Ta biyu don girmama Jacques Daudin ne, wani dattijo da ya daɗe zaune a tsibirin yana nazarin itatuwansa da dabbobinsa.

Hotonta ya fita duniya. Daga nan wahala ta fara.

A Turai da Amurka da Japan akwai mutane masu kiwon ƙadangaru da macizai cikin akwatin gilashi a ɗakinsu, don sha'awa kawai. Ba ci suke ba, ba magani suke yi da su ba. Abin da wani ba shi da shi, shi suke so. Da sunka ji ga wata tsaka mai ado, wadda babu ita ko'ina sai wuri ɗaya, sai kuɗinta ya tashi. An riƙa tallarta a intanet, guda ɗaya ɗaruruwan dalar Amurka. Kada a haɗa ta da dalar kasuwa ta tamma biyar. Dalar Amurka 100 ta haura jika 50 na kuɗin sefa.

Dokar ƙasar ba ta yarda a fitar da ita ba. Amma Catam bakin teku ne. Jirgin ruwa zai tsaya kamar na masu yawon buɗe ido, mutum ya sauka ya hau tudu, ya cika ƴan gwangwanaye, ya koma. Dabbar da za ta shiga akwatin ashana, ɓoye ta cikin kaya ba wuya.

Ɓarnar kashi biyu ce, kuma ta biyu ta fi muni. Ta farko, tsakar da anka ɗauke. Ta biyu, yadda ake neman ta. Ɓarawo ba ya zama jiran ta fito. Yana birkice duwatsu, yana farfasa ruɓaɓɓun gungume, yana tone tarin ganye. Dutsen da ya shekara ɗari a kwance, in an juya shi, laimar ƙarƙashinsa ta tafi ke nan. Ko an maida shi ba ya zama daidai yadda yake. Don a kama guda ɗaya, sai a rushe maɓoyar goma, har da ƙwan da ke ciki.

A shekarar 2011 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa ta a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. A 2018 anka yi ƙidaya. Anka tarar a wuraren da ƙafa ke kaiwa cikin sauƙi, tsakar ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 bisa ga yadda take a 2010. Wato inda da akwai biyar, saura ɗaya. Duka abin da ya rage a dajin wajen 10,000 ne.

Ban da ɓarayi akwai wasu matsaloli na cikin gida. A tsibiran nan, in rani ya yi ana sakin awaki su nemi abinci da kansu, kamar yadda ake sakin dabbobi bayan an kwashe amfanin gona. Akuya tana cinye ƙananan itatuwan da za su gaji manya. Magunan da sunka koma daji suna farauta. Sannan ga masu kuɗi da ke sha'awar bakin ruwan Catam don gina masaukin baƙi da hanyar mota.

MUTANEN GARI SUN TASHI

A shekarar 2016 anka zauna shawara a tsibirin. Akwai ma'aikatan gandun daji na gwamnati. Akwai wata ƙungiyar mutanen Yuniyon mai kula da tsabta da kare muhalli. Akwai kuma wata tsohuwar ƙungiyar kare namun daji ta Ingila mai suna Fauna & Flora. Sunka tsara abin da za a yi shekara-shekara.

Babban abin da anka yi shi ne ɗaukar masu gadi daga cikin ƴan tsibirin, maza da mata. Anka koya musu aikin, anka ba su kayan sarki da albashi. Suna sintiri cikin dajin dare da rana. An kuma kafa na'urorin ɗaukar hoto a hanyoyin shiga. Dabarar ɗaukar ɗan gari tana da ma'ana. Shi ya san kowace ƴar hanya. Ya san jirgin masunta, ya san baƙon jirgi. In baƙo ya sauka yana tambayar inda ake samun ƙadangaru, kafin yamma labari ya kai kunnen mai gadi. Ma'aikacin da anka turo daga babban birni, mai zuwa sau ɗaya a wata, ba zai iya wannan ba.

An kuma shiga makarantu ana nuna wa yara hotonta. Mutane da yawa a tsibirin ba su taɓa ganinta da idonsu ba, ko da yake tana bayan garinsu. Sannu a hankali ta zama abin alfaharinsu.

Saura kasuwar waje. Muddin mai saye a Turai ba ya tsoron doka, ɓarawo ba zai daina ba. Akwai wata yarjejeniya ta ƙasashen duniya mai suna CITES, wadda anka sa wa hannu a birnin Washinton a 1973, don tsare cinikin namun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijar ta shige ta tun 1975. Yarjejeniyar tana da jeri-jeri. Jeri na ɗaya shi ne na dabbobin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, irin su damisa. A watan Agusta na 2019, a taron da anka yi a Janeba ta ƙasar Suwis, gwamnatin Sen Binsent ta nemi a sa tsakar Yuniyon cikin wannan jeri. Anka amince. Daga nan ma'aikacin duwan na kowace ƙasa da ke cikin yarjejeniyar yana da ikon kama ta in ya gan ta cikin kaya.

A 2022 anka sake ƙidaya. Daga wajen 10,000 ta koma wajen 18,000 cikin shekara huɗu. Ba a ba ta abinci ba, ba a yi mata magani ba, ba a kai ta wani wuri don kiwo ba. Duwatsunta kawai anka bari a kwance inda suke.

GUGUWAR 2024

Akwai abin da mai gadi ba ya iya tarewa. Tekun wannan yanki yana haifar da wata irin guguwa mai faɗin ɗaruruwan kilometir, mai tafe da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowace ana ba ta suna. Ran 1 ga watan Yuli na 2024, wadda anka kira Beril ta faɗa wa Yuniyon da tsibiran da ke kusa da shi. Gudun iskarta ya wuce kilometir 200 a awa, wato ya ninka gudun motar da ke tsere bisa kwalta. Firaministan ƙasar na wannan lokaci, Ralph Gonsalves, ya ce wajen gida 90 cikin 100 na tsibirin sun rushe ko sun lalace ƙwarai. Tankunan ruwa da rufin da ke cika su sun tafi. Mutane da yawa sun bar tsibirin na ɗan lokaci. Masu gadin dajin ƴan garin ne, abin da ya samu kowa ya same su.

Dajin Catam ma bai tsira ba. Iskar ta kakkarya itatuwa, ta zage ganyensu. Ƙidayar 18,000 an yi ta ne shekara biyu kafin wannan rana.

Ga dabbar da ke cikin tsaguwar dutse, iskar kanta ba ita ce babbar barazana ba, don dutse ba ya tashi. Abin tsoro shi ne kwanakin da ke biyo baya. Rumfar ganye ta tafi, rana tana sauka kai tsaye bisa ƙasa, katifar ganye tana bushewa. Busassun rassa sun taru, wuta kaɗan ta isa ta cinye su. Ta wani gefen kuma, guguwar ta zo da farkon damana, lokacin da icce ke saurin toho. Gungumen da sunka faɗi za su ruɓe, nan da wasu shekaru su zama sabuwar maɓoya. Dajin ya ga guguwa tun kafin a haifi kakannin mutanen tsibirin, kuma tsakar ta rayu cikinsa.

Bambancin shi ne da can dajin yana da faɗi. In gefe ɗaya ya lalace, wani gefen yana nan, daga can ƴaƴa su sake bazuwa. Yanzu hekta 50 ne, guguwa ɗaya tana rufe shi duka cikin awa guda. Masana yanayi sun lura kuma ruwan tekun ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba a 2024, ɗumin ruwa kuwa shi ke ba guguwa ƙarfi. Tun da anka fara rubuta lissafi, ba a taɓa ganin guguwar da ta kai matuƙar ƙarfi da wuri haka cikin shekara ba kamar Beril. Lokacin guguwa a wannan teku yana kamawa ran 1 ga Yuni, ya ƙare ran 30 ga Nuwamba, kowace shekara.